HARSHEN DAMO: DALILIN DA YA SA MAGANA MAI FUSKA BIYU TAKE BA MU DARIYA

(Jawabin da aka gabatar a zaman yamma na taron shekara-shekara na ƙungiya)



Gabatarwa

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya aiko mini da goron gayyata, ya kuma ɗora mini nauyin yin magana a kan wani abu da kowa a zauren nan yake yi kullum ba tare da ya tsaya ya tambayi dalilinsa ba, wato dariyar da takan kuɓuce mana idan muka ji kalma ɗaya ta ɗauko ma'ana biyu. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan taron manya da zancen dariya? Amsar ita ce, irin wannan dariya ma'auni ce da ake gane zurfin harshe a bakin mutum da ita. Mu kuwa da neman abinci ya zaunar da mu a Legas da Abuja da Fatakwal da Kaduna, muke renon 'ya'ya a tsakiyar wasu harsuna, mun fi kowa bukatar wannan ma'auni.

Mene ne harshen damo?

Damo, wanda Bahaushe ya naɗa sarkin haƙuri, harshensa a tsage yake gida biyu daga tsini, kamar na maciji. Daga nan magabatanmu suka ari suna suka raɗa wa duk maganar da za a iya fassara ta ta fuska biyu. Ga misali. A ce mai bin bashi ya yi sammako gidan wanda yake bi, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri na tashe ka da sassafe." Mai gida ya ce, "Ba komai." Aka gaisa, aka taɓa hira, sai baƙo ya ce, "To, batun kuɗin nan fa?" Mai gida ya ce, "Ai tun ɗazu na gaya maka, ba komai."

Kalmomin da mai gida ya faɗa da farko su ne ya maimaita a ƙarshe, bai ƙara ko wasali ɗaya ba. A karon farko mun ji su a matsayin yafiya, a karo na biyu suka rikiɗe suka zama labarin aljihu. A daidai wannan rikiɗar dariya take tsinkewa.

Inda Hausa take samo tagwayen ma'ana

Hanya ta farko ita ce kalmar da ta yi rassa. Dubi kalmar "ci". Ana cin tuwo, ana cin jarrabawa, ana cin kasuwa, ana cin amana, ana cin bashi, ana cin sarauta, wuta tana ci, takalmi yana cin ƙafa. Haka "sha": ana shan ruwa, ana shan iska, ana shan wahala, ana shan alwashi. Haka "kashe": ana kashe maciji, ana kashe fitila, ana kashe aure, ana kashe kuɗi. Shi ya sa idan aka ce wane ya kashe naira miliyan guda a bikin 'yarsa, ba a rasa wani shaƙiyyi a majalisa da zai tambayi lokacin jana'iza. Ko a ce an gaya wa manomi cewa bashin da zai karɓa a banki yana da ruwa, shi kuma ya ce, "Madalla, dama fari ake yi a garinmu." Duk wanda ya buɗe ƙamusun da Bargery ya wallafa a 1934, ko na Abraham na 1949, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, zai ga cewa gajerun kalmomin da muke amfani da su dare da rana su ne suka fi yawan rassa.

Hanya ta biyu ita ce karin sauti da tsawon wasali. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya suke canza ma'ana a cikinsa. "Kuka" na hawaye, gaɓoɓinsa biyu duk a sama murya take; "kuka" ta miya kuwa, murya takan hau a gaɓar farko ta sauka a ta biyu. "Wuya" da ke ɗauke da kai, murya sauka take yi a ƙarshensa. "Wuya" ta wahala kuwa daga ƙasa take tashi ta hau. "Gari" na mutane wasalinsa na farko gajere ne, na tuwo kuwa dogo. "Fara" kuwa gida uku ce: akwai ta somawa, akwai ta launi, akwai wadda ake soyawa da yaji. Kunnen Bahaushe yana rarrabe waɗannan ba tare da wahala ba, amma kusancinsu ya isa a yi wasa da su. Idan ana lallashin wani da cewa bayan wuya sai daɗi, shi kuma ya shafa bayan wuyansa ya ce ƙeya kawai ya tarar, kowa ya san ya karkatar da murya da gangan, kuma ganganci nasa ne ake yi wa dariya.

Hanya ta uku ita ce rubutu. Ƙa'idar rubutun boko, tun daga dokokin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya tsara a 1912, har zuwa gyare-gyaren da suka biyo baya, ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Saboda haka kalmomin da baki ya raba, alƙalami yakan haɗe su. Baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun shigo rubutun boko a shekarun 1930 domin rage irin wannan ruɗani. Sai ga shi a saƙonnin waya da yawanmu mun watsar da su. Mutum ya rubuto wa ɗan'uwansa cewa ba zai sami fitowa ba domin yana da "baki", ɗan'uwan ya mayar masa da cewa shi ma yana da shi, har da haƙora. Haka "ƙasa" take komawa "kasa", "faɗa" ya koma "fada", "ƙafa" ta koma "kafa".

Abin da yake faruwa a cikin ƙwaƙwalwa

Masana sun daɗe suna bin diddigin dariya. A 1790 masanin falsafa Bajamushe, Immanuel Kant, ya bayyana cewa dariya takan zo ne idan zuciya ta ɗaura ɗamarar jiran wani abu, sai abin ya watse a hannunta farat ɗaya. A 1972 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Jerry Suls, ya ƙara wa zancen bayani, ya ce mataki biyu ne. Da farko mai sauraro yakan yi karo da abin da bai dace da zatonsa ba. Sa'an nan sai ya koma baya cikin gaggawa ya gano hanyar da maganar za ta daidaita. In karon kawai aka yi ba a gano hanyar ba, ruɗewa ake yi. In kuwa an gano, sai dariya.

Mu koma kan manomi da banki. Da muka ji "ruwa" a bakin ma'aikacin banki, zuciyarmu ta riga ta tafi wajen ƙarin da ake ɗora wa bashi. Amsar manomi ta zo ta yi karo da wannan zato. Cikin ƙiftawar ido muka koma kan kalmar, muka tarar da ɗaya ma'anar tana nan zaune, kuma amsar ta hau kanta daram. Mun ɓata, mun kuma gano hanya da kanmu, duk a cikin numfashi ɗaya.

To, yaya aka yi ma'ana ta biyu take kusa haka? A 1979 David Swinney ya yi wani gwaji a Amurka da ya ba da haske a kan wannan. Ya sa mutane suna sauraron jimloli, a cikinsu akwai wata kalmar Ingilishi da take nufin ƙwaro, take kuma nufin 'yar na'urar da 'yan leƙen asiri suke ɓoyewa a ɗaki domin satar jin magana. Da zarar an furta kalmar, sai a haska musu wata kalma a allo, a auna saurin da za su gane ta. Sakamakon ya nuna cewa a daidai lokacin da kalmar ta shiga kunne, ma'anonin biyu duk sukan farka, ko da jimlar ta nuna ƙarara cewa zancen ƙwari ake yi. Bayan 'yan gaɓoɓi kaɗan sai wadda ba ta dace ba ta kwanta. Ke nan, duk lokacin da aka ce "ruwa" ko "ci" ko "kai", ƙwaƙwalwarmu takan taɓa ma'anoni fiye da ɗaya, ta zaɓi guda, ta sallami saura ba tare da mun sani ba. Gwanin barkwanci shi ne wanda yake damƙo wadda aka sallama kafin ta fita ƙofa, ya dawo da ita tsakiyar fili.

A 2001 kuma wasu masana biyu, Vinod Goel da Raymond Dolan, sun yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Landan yayin da ake karanta wa mutane labaran ban dariya. Sun ga cewa wasa da sautin kalma yana motsa sassan da suke kula da furuci, amma jin daɗin kansa yana bayyana ne a wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa wanda yake da alaƙa da samun lada, kuma iya daɗin labari iya motsin wurin. A taƙaice, dariyar harshen damo tukuici ce da ƙwaƙwalwa take ba kanta saboda ta warware ƙulli. Wannan ne ma dalilin da ya sa idan aka tsaya yi wa mutum bayanin barkwanci, sai ya salance. An warware masa ƙullin, ba shi da tukuicin karɓa.

Inuwar da mai magana yake fakewa

Akwai dalili na biyu, kuma shi ne ya fi kusa da al'adarmu. A 1905 Sigmund Freud, likitan nan na ƙasar Ostiriya, ya rubuta littafi a kan barkwanci, inda ya nuna cewa mutane sukan yi amfani da shi su fitar da abin da kunya ko tsoro ya hana su faɗa a fili. Bahaushe bai jira Freud ba kafin ya san wannan. Al'ummar da ta ɗauki kunya da kara da muhimmanci, inda mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, inda yaro ba ya ɗaga ido ya gaya wa babba ya yi kuskure, dole ta nemi wata ƙofa da gaskiya za ta riƙa fita. Wannan ƙofa ita ce habaici da gugar zana da shaguɓe.

Idan uwargida tana korar kaza daga bakin turmi tana cewa, "Kaza, ci ki goge baki," alhali amarya tana tsakar gida, maganar fuska biyu gare ta. In amarya ta tanka, sai a ce da kaza ake, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ta yi shiru, saƙo ya isa. Masu kallo kuwa suna murmushi ne saboda sun ga kibiya ta wuce ba wanda zai iya rantsewa an harba ta. Makaɗan fada da na jama'a sun gina zambo da habaici a kan wannan dabara, kuma duk wanda ya saurari marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya san yadda ake jifa a ɓoye hannu. 'Yan kama su ma da ita suke cin abinci, domin sukan ɗauko muryar karatu ko ta waƙar da aka sani su cika ta da zancen tuwo da miya.

Malamanmu na zaure sun san wannan fanni da sunayensa na Larabci, wato tauriyya da jinasi a ilmin balaga. Littafin Muƙamat na Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, yana da muƙama hamsin. A ta 32 jarumin littafin, Abu Zaid, ya zauna a matsayin mai ba da fatawa, aka yi masa tambayoyi 100, ya ba da amsoshin da in an ɗauke su a zahiri sai a ce ya kauce, amma kowace tana tsaye a kan wata ɓoyayyiyar ma'ana ta kalmar da aka tambaya. Da irin wannan ake gwada ɗalibin da ya ƙoshi da lugga.

Dariya ba ta son kaɗaici

Dalili na uku shi ne zumunci. Robert Provine, wani masani a Amurka da ya shafe shekaru yana nazarin dariya, ya kuma fitar da littafi a kanta a shekarar 2000, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya a cikin jama'a kusan sau 30 a kan yadda yake yi in yana shi kaɗai. Harshen damo kuwa ya fi kowace irin raha bukatar abokin tarayya, domin ba ya aiki sai mai faɗa da mai ji duk sun san ma'anonin biyu. Idan mutum biyu suka tuntsire da dariya a kan kalma ɗaya, kamar sun nuna wa juna shaidar cewa nono ɗaya na harshe suka sha. Shi ya sa irin wannan raha ba ta fassaruwa. Ka gwada mayar da labarin "ba komai" zuwa Ingilishi ko Yarabanci, za ka ga ya mutu a hanya.

A kan wannan ginshiƙi wasannin barkwancinmu suke tsaye: tsakanin jika da kaka, tsakanin taubasai, tsakanin Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa. Kalmar da za ta jawo faɗa a bakin bare, a bakin abokin wasa sai ta zama gaisuwa. Darajar wannan al'ada ta kai har hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar a jerin kayan gadon al'adun duniya a 2014.

Inda harshen damo yake zama aibi

Wajibi ne a faɗi ɗaya gefen. Bahaushe ya ce baki shi ke yanka wuya, ya kuma ce magana zarar bunu ce. Akwai wuraren da idan aka ce maganar mutum tana da harshen damo, zargi ne ake yi masa. Wajen ciniki, wajen neman aure, wajen rabon gado, gaban alƙali, da lokacin da mai neman ƙuri'a yake ɗaukar alkawari, ana bukatar magana mai fuska ɗaya. Mai bin bashin da muka ambata ɗazu, mu ne muka yi dariya, shi bai yi ba. Bambancin raha da yaudara shi ne, mai raha yana so a gano ma'ana ta biyu nan take a yi dariya tare da shi, mayaudari kuwa yana fatan kada a gano ta sai ya yi nisa. Haka kuma rahar da za ta muzanta nakasasshe ko ta ci mutuncin wata ƙabila ta fita daga sahun barkwanci.

Ina aka bar 'ya'yanmu?

Masanin nan Paul McGhee, wanda ya yi nazarin yadda raha take girma tare da yaro, ya nuna cewa sai wajen shekara 7 yara suke fara jin daɗin wasa da kalma mai ma'ana biyu, domin a lokacin ne hankalinsu yake iya riƙe fuska biyu a tare. A garuruwanmu, wannan shi ne lokacin da yaro yake zama gaban kaka da dare ana "ƙulun ƙulufit", ana tatsuniya, ana karya harshe, 'yanmata suna zaurance. Makaranta ce sukutum, ba allo ba bulala.

Yaron da ya tashi a bene a Legas ko Abuja, wanda Hausarsa ta tsaya a "zo", "tafi", "kawo", "na ƙoshi", kowace kalma ma'ana ɗaya ya san ta da ita. Za ku gane haka idan kuka kai shi gida da salla. Kaka za ta tsokane shi da cewa ga mijinta ya zo hannu rabbana, ko kawu ya tambaye shi nawa ya ci a makaranta da bai rage masa ba, tsakar gida ta kaure da dariya, shi kuwa ya tsaya yana rarraba ido. Ba wanda ya kore shi, amma a wannan lokacin ya ji a jikinsa cewa shi baƙo ne a gidan ubansa. Yaron da ya sha jin haka, in ya girma da wuya ya yi marmarin zuwa. Asarar ba ta tsaya a raha ba. Wanda bai iya jin habaici ba, ba zai gane lokacin da dattijo yake yi masa gargaɗi cikin ladabi ba, ba zai kuma iya mayar da martani cikin ladabi ba.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Ta farko, a mayar da Hausa harshen cikin gida. Makaranta da titi sun isa su koya wa yaro Ingilishi. Ta biyu, a ware ko da dare ɗaya a mako a kashe talabijin, a ajiye waya, a yi kacici-kacici da karin magana, a bar yara su yi ta laluben amsa, kada a yi saurin ba su. Ta uku, a riƙa kai su gida lokacin hutu, a bar su a ɗakin kakanni, domin wasan jika da kaka ba ya koyuwa ta waya. Ta huɗu, mu da kanmu mu koma sa wa baƙaƙe lanƙwasarsu idan muna rubutu, tunda wayoyin zamani suna da allon rubutun Hausa ga duk wanda ya nema.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa muna dariyar magana mai harshen damo ne saboda dalili uku: daɗin warware ƙulli, da sauƙin da zuciya take samu idan gaskiya ta fita ba tare da an keta rigar kunya ba, da kuma jin cewa muna cikin 'yan'uwa. Dukkan ukun suna bukatar mutum ya san harshensa ciki da bai. Kowa a cikinmu in ya koma masauki, ya gwada wa ɗansa ko jikansa labarin manomi da banki. In yaron ya yi dariya, a gode wa Allah. In kuwa ya tambayi abin da ake nufi, to, aiki ya same mu, kuma gara a fara shi tun reshe yana ɗanye.